Amarya da bindigar gam

An sa ranar aurena a ƙarshen watan Agusta na 2023, wata guda ke nan da sojoji suka karɓi mulki a Nijar. Iyayen mutumin suka taso daga Madawa da goronsu, aka zauna a gidanmu na unguwar Bukoki a Yamai, aka tsayar da Asabar 30 ga Disamba. Ni na roƙi Inna ta roƙi Baba a kai ranar can, don ta faɗo cikin hutun lakwal, wato makaranta, tunda koyarwa nake yi. Wata huɗu cur. A lokacin gani nake kamar shekara aka ba ni.

Wanda ya zauna Yamai a watannin nan ba sai an tuna mishi ba. Tun 30 ga Yuli ƙungiyar CEDEAO, wato ECOWAS, ta ƙaƙaba mana takunkumi, Najeriya ta tsinke wutar da take turo mana, kaya suka maƙale a tashar jiragen ruwa ta Kwatano, manyan motoci suka yi dogon layi a Malanbil ba halin tsallako gada zuwa Gaya. Duk abin da ka ɗaga a kasuwa, kafin ka buɗe baki an ce maka iyaka rufe take. Har mai tsintsiya, wadda tsintsiyarta ba ta taɓa ganin ɗan duwan, wato ɗan kwastan, ba, ita ma iyaka za ta kawo maka.

Cikin wannan hali muka shiga Babbar Kasuwa ni da ƙanwata Rakiya, mu taya kayan rabo. Abin da aka saba ne: maficin roba ko kofi, a manna takarda mai sunan ango da amarya da addu'ar zaman lafiya, a raba wa matan da suka zo wuni. Mai shagon ya ce mafici ɗaya da takardarsa dala 50, ba ragi. 'Yan'uwa na Najeriya, dala a wurinmu sefa 5 ce, jikka kuma sefa 1,000. Guda 200 nake so, jikka 50 ke nan a kan abin da zai karye tun kafin mai shi ta kai gida. Na ce mun gode, na ja hannun Rakiya.

Da dare ba wuta, na kwanta a tsakar gida ina latsa waya da ɗan cajin da ya rage. Nan na faɗa hannun matan nan na TikTok da YouTube masu aikin hannu. Hannun kawai kake gani, farce a gyare, tebur fari tas. Almakashi ya yi ƙyas-ƙyas, a ɗiga gam, a murɗa, cikin minti ɗaya ga fure. Ba a nuna maka wanda ya share wurin bayan an gama, ba a kuma nuna maka guda 199 da suka rage. Kafin wayar ta mutu na cika shafin ƙarshe na littafin shirya darasina: mafici 200, furannin takarda na bayan kujerar amarya, katin gayyata, turaren wuta da humra, fentin ƙore na jere, 'yan jakunkunan goro da dabino, har da sabulun ruwa da zan ɗura a kwalabe. Abu bakwai. Na ja layi a ƙasa kamar na gama gyaran jarrabawa.

Ban gaya wa Inna ba. Na ce wa kaina don kada in ɗora mata nauyi ne. Gaskiyar kuwa ba tsadar kaɗai ta kore ni daga kasuwa ba, so nake ranar wuni mata su ɗaga abu su ce amarya ce fa ta yi da hannunta.

Katin gayyata bai ci mini lokaci ba. Dare ɗaya na zana shi a waya, ya yi kyau, na ce za a tura ta WhatsApp a huta. Baba ya duba ya ce, “Liman ma hoton za ki aika mishi? Goron kuma ta ina zai bi?” Aka buga guda 100 a takarda, magana ta ƙare.

Mafici ne ya sha ni.

Katako nan kusa da mu take, a ƙasa muke zuwa. Kasuwa ce da in ka rasa abu a cikinta, ka haƙura: katako, ƙarfe, tsoffin gwangwanaye da ake narkewa a zuba tukwane, hatsi, kaba, komai. Can ciki na sami wata tsohuwa mai mafitan kaba, saƙa tsantsa ba ado, mariƙin ice. Muka daidaita dala 20 kowanne in zan ɗauki 200, ta ce in ba ta kwana goma ta haɗo. Telan unguwarmu ya ba ni buhu guda na ƙyallayen atamfa, ragowar ɗinkin babbar salla, kyauta, har yana gode mini da na rage mishi shara. Na sayi bindigar gam jikka 4, wannan da ake zura mata sandar gam ta baya, a sa a wuta ta narkar, kana matsawa yana fitowa ta baki. Shirina shi ne in yanka ƙyalle siriri in lulluɓe bakin mafici kewaye, in naɗe mariƙi da riban, in ƙulla ɗan fure a wuyansa.

Na farko ya yi kyau har na ɗauke shi hoto. Minti 20 ya ci. Ni da nake koya wa yara lissafi, ban tsaya na ninka 20 sau 200 ba. Da na yi, da na ga awa 66 da ɗoriya, kuma wannan in wuta ta tsaya ke nan. Wuta kuwa a Satumban nan baƙuwa ce, ba ta sallama in za ta zo, ba ta ban kwana in za ta tafi. Sai ta zo ƙarfe biyu na dare, Rakiya ta taɓa ni, mu tashi kamar masu sahur, ita tana yanka ina mannawa. Wata rana ina tsaka da kewaye baki ta ɗauke, gam ya daskare a rabin hanya. Haushi ya sa na kunna kyandir na riƙa kara sandar gam a harshen wutar ina shafawa da hannu. Ɗigo ɗaya ya sauka a bayan babban yatsana na hagu. Narkakken gam ba kamar ruwan zafi ba ne da zai zube ya bar ka, manne maka yake yi yana ci. Da na fizge shi, da fata ya taho. Tabon na nan, mai lalle ma sai da ta kewaye shi.

Ƙawata Hamsatu, Bazabarma ce muna koyarwa tare, ta zo ta iske ni cikin tsumma har wuya. Ta ɗaga mafici ɗaya ta fifita, ta tambaye ni yaushe ne ma bikin. Na ce ƙarshen Disamba. Ta yi dariya har da riƙe ciki. “Mafici a tsakiyar sanyi? Lalle Bagobiri za ki aura, tun ba a kai ki ba kin fara tunani irin nasu.” Wasan da ke tsakanin Zabarmawa da Gobirawa bai bar ta ta yi shiru ba ko a nan. Wallahi sai a ranar na tuna cewa a Disamba mutane da rigar sanyi suke zuwa biki. Na ce su ajiye, ai Afrilu na nan tafe, kafin nan kuma a hura gawayin shayi da shi.

Aka koma lakwal farkon Oktoba, aikin ya koma na dare da Asabar da Lahadi. Duk da haka zuwa tsakiyar wata na haɗa 120. Na jera su cikin kwali, na kai ɗakin ajiya na bayan gida, mai rufin kwano. Wanda ya san Yamai ya san zafin Oktoba, wannan da ke biyo bayan ɗaukewar ruwa, mai gumi, ba iska. Sati biyu ban leƙa ba. Ranar da na buɗe kwalin, na ɗaga na sama, sai biyar suka biyo shi. Gam ya yi laushi ya kama na kusa da shi, inda kuma bai kama ba ya saki kabar, ƙyallen ya ɗago kamar ɓawon albasa. Kaba santsi gare ta, ga ƙura a cikin saƙar, gam bai taɓa shiga jikinta ba, zama kawai ya yi a kai. Na zauna a bakin ƙofar ɗakin na ƙirga waɗanda suka tsira. Goma sha bakwai. Na mayar da kwalin na rufe, ban gaya wa kowa ba sai Rakiya.

Maimakon in yi hankali, sai na ce bari in huce a kan turare. Na sayo icen sandal da aka faskara ƙanana, da kajiji, da farce, da miski, da madarar turare kala uku, na aza tukunya ranar da Inna ta tafi suna. A bidiyon cewa aka yi a narka sukari a zuba ice. Ba a ce wace irin wuta ba. Na yi a kan gas, sukari ya wuce ja ya koma baƙi, ina ganin haka na rikice na tuttula turaren ruwa a ciki tukunyar na kan wuta. Sai ji na yi fuu, harshen wuta ya tashi har ya lashi gefen ɗankwalina. Na kifa murfi, Allah ya tsare.

Ta kan katanga na ji murya: “Wa ke ƙona kuɗi a gidan nan?”

Ya Falmata ce, maƙwabciyarmu. Babarbariya ce, ta baro Diffa a 2015 lokacin da rikici ya kai can, kuma da turaren nan take ciyar da 'ya'yanta. Abin da ya sa na ɓoye mata ke nan, kunya nake ji a ce ina katanga ɗaya da mai sana'a na tsallake ta. Ta shigo ta buɗe tukunyar, ta shinshina, ta girgiza kai. Ba ta ce don me ban saya a wurinta ba. Cewa ta yi in kawo abin da ya rage gidanta ranar Lahadi, in zo da gawayi, kada in zo da waya.

A wurinta na san cewa turare ba a tukunya yake farawa ba, a farce yake farawa. Farcen nan murfin bakin wani dodon-koɗi ne na teku, daga wajen Bahar Maliya yake biyowa ta Sudan da Cadi ya iso mana, kuma ɗanyensa warin ruɓaɓɓen kifi yake yi. Ta sa na jiƙa shi kwana uku ina sake ruwa. Ranar Lahadi ta ba ni reza, muka zauna muna kankare ragowar naman da ke manne a bayan kowane ɗaya, ɗaya bayan ɗaya, har yatsuna suka yi tauri. Muka wanke da lemun tsami, muka shanya, sannan ta soya shi a wuta kaɗan har ya kumbura ya yi ƙaras, ta daka. Ta miƙo mini turmin ta ce in shinshina. Warin ya tafi, wani abu mai nauyi ya maye gurbinsa, ba ƙamshi ba ne sosai, amma ta ce shi ke riƙe ƙamshin sauran ya kwana a tufa. “In kin yi ha'inci a kankara, ranar da kika sa a wuta mijinki zai zaci kifi kike gasawa.”

Sukari kuma a kan gawayin da ya riga ya yi toka a sama ta narka shi, da ruwa ɗan kaɗan. Tana juyawa tana ɗiga shi a kofin ruwan sanyi. In ya baje, bai yi ba. In ya dunƙule ya yi danƙo tsakanin yatsu, ya yi. Nan take ta zuba icen da ya kwana cikin madarar turare, ta juya da sauri har kowane tsinke ya sha, ta sauke tukunyar ƙasa, ta matsa da ita nesa da murhu, sai da ta huce kaɗan kana ta zuba turaren ruwa. Ta kalle ni lokacin da take zubawa, ba ta ce komai ba, ni ma ban ce ba. Muka ɗura a tsoffin kwalaben mayonez da aka wanke aka shanya, humra a nata kwalabe, ta ce a sa a ƙarƙashin gado, kada a buɗe sai ya kwana 40. Na ƙirga a yatsa, ya rage saura kwana biyar tsakaninsa da biki. Da na ƙara sati ɗaya ina ɓoye-ɓoye, da ɗanyen turare za a kai ni. Na kawo kuɗi ta ture hannuna. “Ranar auren Yagana za ki biya, ba yau ba.” Yagana 'yarta ce, tana ajina a bara.

Wannan maganar ta Ya Falmata ban gane ta sosai ba sai da Inna ta ƙarasa mini. Muna zaune muna tsinke zogale, ba ta ɗago kai ba ta ce, “Hajiya ta gidan kwana ta tare ni jiya, tana tambaya ko wani laifi ta yi mana.” Na ce laifin me? Ta ce saura wata ɗaya da 'yan kwanaki biki, ba a aika mata da ko tsinke ta riƙe ba. Ta tashi ta ɗauko wani tsohon littafi daga cikin adakarta, bangon ya ci mai. Sunaye ne da rubutun ajami da na boko a cakuɗe, wasu ni ma na rubuta mata ina ƙarama ban san mene ne ba. Wance, auren 'yarta, turmi ɗaya da jikka 2. Wance, suna, kwano da sabulu. Wance, kwana uku a gidanta ana tuyar alkaki. Fiye da shekara 20 tana zubawa. Biki ai bashi ne, kowa ya sani, abin da ka kai shi za a maido maka da ɗan ƙari. Abin da ni ban lura ba shi ne, ba kuɗi da turmi kaɗai ake bin juna ba, har da zaman da gumin. Matar da Inna ta yi wa kwana uku a bakin kasko tana jiran ranar da za ta rama, ni kuma na shige ɗaki na kulle da bindigar gam, na hana ta.

Inna ta san da kwalin. Rakiya ba ta iya riƙe magana. Kuma ashe har an buga waya Tawa, wurin Gwaggo.

Gwaggo, yayar Baba, ta iso ƙarshen Nuwamba. Tafiyar fiye da kilomita 500 ce, ta Tsarnawa da Konni da Dogonduci da Doso, tun asuba cikin bas har la'asar, amma ko zama ba ta yi ba ta ce a kai ta ta ga abin. Ta ɗaga mafici ɗaya, ta ja ƙyallen da yatsa biyu ya biyo ta. Ta ɗauki bindigar ta jujjuya.

“Wa yac ce ki yi wanga aiki ke ɗai? Mutuwa munka yi?”

Na ce a'a Gwaggo, sauƙi na nema muku.

“Amarya da munka sani ɗaka take, ana ba ta kunu tana kumya. Ke kin zan tela, kin zan maƙeri, ji hannunki awa na mai faskare.”

Sannan ta sa aka shigo da buhunta. A ƙarƙashin cuku da albasar Galmi da ta riƙo mana, naɗe cikin tsohon zane, faya-fayai ne guda 12. Ja da baƙi da kore da ruwan ƙwai, kowanne da zanensa, saƙar ta matse har ba ka ganin haske ta ciki in ka ɗaga a rana. Ta ce tun shekarar da na ci jarrabawar BEPC, ta gama ƙaramar sakandare, ta fara, ɗaya ko biyu a shekara, bayan an gama aikin gona. Ni ina can ina kallon hannun matan da ban sani ba a waya, ashe akwai hannun da ya shekara tara yana yi mini aiki ban taɓa tambaya ba.

Washegari ta ƙwace ragamar komai. Fentin ƙore ta soke shi nan take. Na riga na yi wa biyu fentin mai, ta shinshina ta ce wa zai sha fura a cikin wannan, a ba kaji su sha ruwa. Sauran ta aika da su wurin mai zanen ƙwarya ya yi musu da ƙarfe mai zafi yadda aka saba. Sabulun ruwa ko tambayarsa ba ta yi ba, ni ma ban tayar ba, har yau yana nan a shafin littafin ba a taɓa shi ba. Jakunkunan goro yara suka ƙulla a leda daren jajibiri, cikin awa biyu.

Mafitai kuwa Inna ta aika gida-gida. Asabar ta farkon Disamba mata 14 suka cika tsakar gidanmu, Hajiya ta gidan kwana ce ta fara zuwa, da tabaronta da nata allurai. Aka jiƙa tsumma aka goge kowane mafici, aka ɓamɓare gam da wuƙa. Hajiya ta duba yankana ta ce shi ya sa bakin ke tattarewa, a miƙe na yanka ƙyallen. A karkace ake yanka shi, daga kusurwa zuwa kusurwa, sai ya riƙa miƙewa yana bin lanƙwasa ba tare da ya yi tattara ba. Sannan allura da zare biyu, ana soka ta tsakanin saƙar ba ta cikin kabar ba, don kada ta tsage. Furen da nake ƙullawa a wuya aka ce a bar shi, ba ya hana zafi. Ana ɗinki ana hira, wa ya saki wa, nawa buhun shinkafa ya kai yau, yaushe za a buɗe iyaka. Ana kuma yi mini tsiya, duk wadda ta ɓamɓaro dunƙulen gam sai ta ɗaga ta ce ga sadakin amarya. Asabar biyu da Lahadi ɗaya, 200 suka cika.

Ga lissafin, tunda shi na ƙi yi da farko. Mafitai jikka 20, bindiga 4, sandunan gam 9, riban 8, zare da allurai 2, shinkafa da bisap na wuni uku 15. Jikka 58. Na roba da na guje wa jikka 50 ne. Ban sa kuɗin man ƙuna a ciki ba. Turare ne kaɗai ya fitar da ni, shi ma don Ya Falmata ba ta karɓi ladan hannunta ba.

Ni an hana ni taɓa allura, wai kada hannu ya ƙara lalacewa kafin lalle. Sai na koma gefen Gwaggo da dare na ce ta koya mini faifai. Ta yi kamar ba ta ji ba, kwana biyu, rana ta uku ta jefo mini damin kaba. Ta nuna mini yadda ake jiƙa ta ta yi laushi, a tsaga da farce siriri daidai wa daida, a tafasa galura da ɗan gishiri a tsoma wadda za a rina, a shanya a inuwa. Ana farawa daga tsakiya, wurin da take kira cibiya: a naɗe 'yan tsinkayen ciki su yi ƙulli, a riƙa huda da basilla ana zura kaba ana ja, zagaye na bin zagaye. Duk wuyar a ja take. Ka ja da ƙarfi ya lanƙwashe ya zama kwano, ka sassauta ya yi lakwab. Nawa ya yi duka biyun, gefe ɗaya kwano gefe ɗaya lakwab. Sau uku tana warware mini cibiya ba ta ce uffan ba, sai ta miƙo mini in sake. Kwana 18 na yi a kan faifai ɗaya da bai wuce tafin hannu biyu ba.

Furannin takarda saura kaɗan in manta da su, don su ma ba su daɗe ba. Rakiya da ƙawayenta suka naɗa, kafinta a Katako ya haɗa mana firam na katako, aka ɗaure su da siririyar waya, fari da ruwan hoda. Safiyar wuni aka kafa a ƙarƙashin rumfar tamfal da muke kira bash. Hunturu ya taso da ƙurarsa tun hantsi, kafin azahar fararen sun koma kalar ƙasa, rabi kuma iska ta kwashe ta kai wa maƙwabta. Ina ɗaka ana yi mini kwalliya Rakiya ta shigo za ta yi kuka. Gwaggo ta fita. Uwar mutumin ta aiko da tabarmi daga Madawa, garin da aka san shi da su, manya masu zanen ja da baƙi. Gwaggo ta sa aka tsige sauran furannin, aka rataya tabarma ɗaya a jikin firam ɗin, ta kafe faya-fayanta shida a kai. A gaban wannan aka ɗauki duk hotunan bikina. Har yau in na sa hoton sai an tambaye ni wane mai ado na ɗauka.

Mafitai sun ƙare tun kafin la'asar, mata na lulluɓe da mayafai masu kauri suna rububinsu. Na jiyo wata tana cewa amarya ce ta yi da hannunta. Hajiya ta gidan kwana ta ce, “Ƙwarai, ita ta yi,” ta ci gaba da zuba abinci.

Da aka je jere, Gwaggo ta sa faya-fayanta 12 a bango, nawa karkatacce kuma ta kife shi a kan ƙwaryar fura a gefen gado. Na ce ta ɓoye shi don Allah kada dangin miji su gani. Ta ce na bango na kallo ne, wannan shi zai yi aiki.

Bayan ƙaramar salla wani yaron mota ya kira ni daga tashar Wadata, wai ina da saƙo daga Tawa. Damin kaba ne, da ƙullin galura kala huɗu, da basilla sabuwa. Na kira ta in yi godiya. Ta ce ba kyauta ba ce, idonta ya fara gajiya, Rakiya kuma ba za ta dawwama a gida ba. “Sha biyu za ki yi mata. Ki fara yanzu.”

Na gama uku. Na huɗun yana nan gefena, jiya na warware cibiyarsa.